Na haɗa He 219 Uhu na Tamiya: haɗawar ba wuya, a fenti da eriya aikin yake

Sati bakwai cur na kwashe akan ƙaramin samfurin roba na jirgin nan He 219, jirgin yaƙin dare na Jamus na lokacin yaƙin duniya na biyu, kullum bayan isha'i in yara sun kwanta sai na shimfiɗa tsohuwar jarida a tebur na zauna awa ɗaya ko biyu, ran Asabar kuma in babu ɗaurin aure ko wata hidima nakan yi tun hantsi har a kira azahar. Shekaranjiya da daddare na manna eriya ta ƙarshe a hancinsa na ja da baya na tsaya ina kallo. Abokai da suka ga hotunan sun yi ta tambaya wai a ina na saya, wai haka yake zuwa a haɗe ne, shiyasa nace bari na zauna na faɗi komai yanda yake. Ba a haɗe yake zuwa ba. Kwali ne na kamfanin Tamiya na ƙasar Japan, Heinkel He 219 A-7 Uhu, sikelin 1/48, lambar kwalin 61057, in ka buɗe ba abinda zaka tarar sai gutsattsarin roba ruwan toka maƙale a jikin firam, da gilasan roba, da takardar sitika, da littafin bayani mai zane-zane, sai wani dunƙulen ƙarfe guda ɗaya wanda zan yi maganarsa sosai nan gaba. Gam, fenti, buroshi, wuƙa, samfefa duk kai zaka nemo da kanka.

1/48 ɗin nan ma'anarsa duk santimita 48 na jirgin gaske an mayar da ita santimita 1. Fukafukan He 219 daga wannan ƙarshe zuwa wancan mita 18.5 ne, dan haka naka in ka gama zai kai santimita 38 da rabi, wato ya fi tsawon rula ta 'yan makaranta, kar ka ɗauka ɗan abu ne da zaka ajiye akan firij. Duk wanda ya taɓa yin jirgin kara ko motar langa-langa yana yaro ya san daɗin da nake magana akai, bambancin kawai nan an riga an auna maka komai daga jirgin da ya taɓa tashi sama da gaske.

Samun kayan ya ɗan wahalar da ni gaskiya. Odar kwalin na yi daga waje, ya iso kusurwa ɗaya a lotse saboda yanda masu kawo kaya suka danne shi, gabana ya faɗi dan gilashin na fara tunawa, amma da na buɗe komai lafiya lau tunda kowane firam a cikin ledarsa yake. Gam da tina kuma masu kama wuta ne ba a cika yarda a sa su a jirgin sama ba, sai da na jira suka biyo kayan wani ɗan uwa ta ruwa. To in kana shirin farawa ka fara neman fenti da gam tun kafin kwalin, in ba haka ba zaka zauna kana kallonsa wata biyu baka taɓa komai ba.

Abin da ya fara burge ni shine shekarun kwalin. Tun 1997 Tamiya suka fitar da shi, amma layukan jikin jirgin a tsage suke siri-siri, babu ɓawon roba a gefen kayan da sai ka zauna kana kankarewa, kuma duk abinda ka ɗora a mazauninsa sai ya zauna ɗas kamar da can tare aka halicce su. Na gwada haɗa gangar jikin da fukafukai ba gam, da ɗan tef kawai, ya tsaya cif. Foti, wato abin cike tsaga, kaɗan na taɓa, a ƙarƙashin ciki inda ɓarin dama da na hagu suka haɗu da kuma bayan gidan injin, shima ɗin ɗan shafawa ne da kan tsinken sakace.

Daga mazaunin matuƙi ake farawa, kuma anan ƙarfen nan yake shigowa. He 219 tayarsa ta uku a gaba take ƙarƙashin hanci, ba a wutsiya ba kamar yawancin jiragen Jamus na lokacin, to a roba duk nauyin sai ya koma baya, in baka sa wani abu mai nauyi a hanci ba jirgin zama zai yi akan wutsiya hanci a sama. Matsalar kuma hancin He 219 kusan duk gilashi ne da kujeru, babu inda zaka ɓoye dalma. Sai Tamiya suka zuba ƙarfe da siffar wurin, ƙarfen shine ƙarƙashin mazaunin matuƙin kuma shine ramin da tayar gaba take shiga, wato nauyin ya zama wani ɓangare na jirgin kansa. Wallahi wannan dabarar kaɗai ta biya ni kuɗina. Na gama jirgin na ajiye, ya tsaya akan ƙafafunsa uku ban ƙara ko ƙwayar dalma ba. Abu biyu dai zaka kiyaye, gam ɗin roba baya kama ƙarfe dan shi narka robar yake yi ya haɗe ta, dan haka sufa gulu zaka sa a inda roba ta haɗu da ƙarfen, sannan ka wanke ƙarfen da sabulu ka fesa masa fentin share fage kafin ainihin fentin in ba haka ba da farce ma zai ɓare.

Mutum biyu ne a jirgin, matuƙi yana kallon gaba, mai kula da radar yana bayansa sun juya wa juna baya, gabansa cike da akwatunan rediyo. Kujerun nan biyu da zaka ga sun yi wani girma da kusurwa-kusurwa ba na banza bane, He 219 shine jirgin yaƙi na farko da ya shiga fagen daga da kujerar da take cilla mutum waje in jirgi ya samu matsala, kuma da matsattsiyar iska take aiki. Dalilin a fili yake in ka riƙe samfurin a hannu, farfelolin biyu daf da bayan mazaunin suke, wanda ya ce zai buɗe gilashi ya diro da kansa a bakinsu zai faɗa. Ban taɓa fahimtar wannan daga hoto ba sai da na ɗora injinan na duba ta sama.

Launin ciki shine wanda Jamusawa ke kira RLM 66, toka mai duhu kusan baƙi. In ka shafa shi haka kawai komai zai ɓace ya zama rami, dan haka bayan ya bushe na ɗebi toka mai haske a busasshen buroshi, na goge a tishu har ya zama kamar babu komai, sannan na riƙa shafawa sama-sama akan akwatunan rediyo, nan take maɓallai da gefuna suka fito. Agogunan gaban matuƙi na ɗiga wa kowanne ɗigon banish mai sheƙi da tsinke dan ya yi kamar gilashi. Bel ɗin kujera ni na yi abina, da farar takardar alminiyon ɗin nan da ake liƙe bakin gwangwanin madara da ita, na yanka siri-siri da sabuwar reza, na shafa mata ruwan ƙasa mai haske, tana lanƙwasuwa ta kwanta akan kujera kamar yadi. Wayoyin bayan rediyo kuma daga cikin matacciyar wayar caja na zaro silin jan ƙarfe. Akwai kamfanin Eduard na ƙasar Cek da ke sayar da irin waɗannan ƙananan kayan na ƙarfe a shirye da fentinsu, wanda yake da hali ya saya zai huta, amma ni ban ga na yi asarar komai ba, dare huɗu na yi a mazaunin nan kuma sune dararen da na fi jin daɗinsu.

Kafin ka rufe gangar jikin akwai wani wuri a baya, bayan fukafukai, inda bakin bindigogi biyu suke kallon sama. Nan na daɗe ina juya abin a raina. Jamusawa suna kiran tsarin Schräge Musik, bindigogi ne MK 108 masu harsashin milimita 30 an kafa su a karkace suna harbi sama da ɗan gaba. Jiragen Birtaniya masu jefa bam irin su Lancaster suna da mai gadi da bindiga a wutsiya da kuma a sama, amma yawancinsu babu mai kallon ƙasa, to sai matuƙin Jamus ya lallaɓo ta ƙarƙashi cikin duhu ya daidaita gudunsa da nasu ya saita fiffike inda tankin mai yake, baya saita cikin jirgin dan bama-baman suna nan kuma in suka tashi har da shi. Mutum bakwai ne a cikin kowane Lancaster, da yawansu samari ne da basu daɗe da wuce shekara ashirin ba, kuma su ma wuta suka ɗauko zasu zuba akan garuruwan da mata da yara ke kwance. Ina riƙe da 'yar robar da bata kai ƙwayar shinkafa biyu ba a bakin matsefata ina tunanin wannan. Na huda bakin bindigogin da siririn allura mai zafi dan su yi rami kamar na gaske, na manna, na rufe.

Sauran bindigogin babu wani aiki a kansu, biyu a gindin fukafukai sauran a wani kwando ƙarƙashin ciki, duk an ajiye su bayan matuƙi dan walƙiyar harbi kar ta kashe masa ido da daddare. Fukafukai, wutsiya mai kunne biyu, duk a dare ɗaya na gama su. Gam ɗin Tamiya mai koren murfi, mai ruwa-ruwan nan, shi na yi amfani da shi, haɗa kayan kake yi tukuna sannan ka taɓa bakin buroshin a tsagar sai ya bi layin da kansa, kar dai yatsanka ya kasance akan layin dan zai bi ƙarƙashinsa ya bar maka zanen yatsa a jikin roba. Ya faru da ni a fiffiken hagu, sai da na bari ya kwana ya bushe sannan na bi da samfefa mai laushi na sake tsaga layin da ya shafe.

Injinan in ka gansu da zagayayyen baki zaka rantse irin masu silinda a kewaye ne, amma a'a, Daimler-Benz DB 603 ne mai silinda 12 mai sanyaya da ruwa, lagireton ne aka yi shi kamar zobe a gaba bayan farfela. Ba a ganin injin a wannan kwalin, a rufe yake, wanda yake son buɗe murfi ya nuna inji sai ya nemi na Zoukei-Mura mai sikelin 1/32 wanda shi har ƙasusuwan ciki yana da su, Revell ma suna da nasu a 1/32, amma waɗannan fiffikensu ya kusa santimita 58, sai mai babban ɗaki. Abin da na ɓata lokaci a kai anan shine bututun salansa, dogayen bututu ne da aka rufe bakin salansar da su dan kar a hango harshen wuta cikin dare. Na fara da baƙi, na bi da ruwan tsatsa, sannan na kankare kan fensir na shafa garin da yatsa, suka fito kamar ƙarfen da ya sha wuta.

Gilashin sama shi ya fi cin rai kafin fenti. Layukan ƙarfensa da yawa kuma a lanƙwashe, dole ka rufe kowane ido da tef ka bar layukan a buɗe. Akwai yankakken tef da ake sayarwa daidai da wannan jirgin, ni ban samu ba, da hannu na yanka, dare biyu. Shawarata in zaka yi odar kwalin ka haɗa da tef ɗin nan a lokaci ɗaya, kuɗinsa kaɗan ne akan wahalar da zai ɗauke maka. Sannan ka goge cikin gilashin sosai kafin ka manna, ni lokacin hunturu na yi nawa, ƙura ta shiga ta zauna a ciki ban lura ba sai bayan na cire tef a ƙarshe, har yanzu akwai ƙwaya biyu a saman kan mai radar da nake gani duk sanda na haska fitila. Kuma kar ka kusantar da sufa gulu wajen gilashi, tururinsa yana sa shi ya yi fari fat, farin gam na katako shi ya dace.

Yanzu fenti, wanda shine ainihin abinda zai sa jirgin nan ya yi kyau ko ya lalace. Mutane da yawa da suka gani sun ce ya jirgin dare kuma da farin launi, ba baƙi ya kamata ba? Da farko Jamusawan ma baƙi suke shafawa, daga baya suka gane sararin sama da daddare ba baƙi ƙirin bane, ga farin wata, ga fitilun da ake haska sama da su, ga hasken gobarar gari yana dukan gajimare, baƙin jirgi sai ya fito kamar inuwa a jikin farin bango. Shine suka koma RLM 76, wani shuɗi mai haske da ya kusa zama fari, da ɗigo-ɗigon RLM 75 toka mai ɗan ratsin shunayya a sama. Wasu jiragen kuma an bar musu ƙarƙashi baƙi.

Ɗigo-ɗigon nan ba a yinsu da buroshi su yi kyau, sai 'yar bindigar feshi da kwamfuresa, irin ta masu fentin mota amma ƙarama kamar biro. Karon farko na fesa RLM 76 ko'ina sannan na fara ɗiga RLM 75 ɗaya bayan ɗaya, na yi fiffike guda na ja baya na duba, sai na ga sun jeru reras tazara ɗaya girma ɗaya kamar zanen atamfa, ba haka jirgin yaƙi yake ba. Hannun mutum in ya saba sai ya riƙa maimaita abu ɗaya bai sani ba. Na bar shi ya kwana raina a ɓace. Washegari na koma kallon hotunan He 219 ɗin da ya rage a duniya a haɗe, wanda yake gidan tarihin Smithsonian, cibiyar Udvar-Hazy a jihar Virginia ta Amurka, A-2 ne mai lamba 290202, a Denmark aka same shi bayan yaƙi a 1945 aka kai shi can. A jikinsa tokar aka fara shafawa, sai aka bi ta kai da layin shuɗi mai haske ana lanƙwasa shi kamar tafiyar maciji, abinda ya rage tsakanin layukan shine kake gani kamar ɗigo. Da na gane haka sai na juya aikin, na fesa RLM 75 a duk saman jirgin, na sirka RLM 76 da tina ya yi ruwa kamar madara, na rage iskar kwamfuresa sosai, na matso da bakin bindigar har kusan ya taɓa roba na fara yawo da layi ba tare da na ɗaga hannu ba. Nan take abin ya canza, gurabun suka fito wani babba wani ƙarami wani dogo, babu biyu iri ɗaya.

Amma fa kar ka ji na faɗa a layi uku ka ɗauka a zama ɗaya aka yi. Kwana tara. Iskar hunturu a bushe take, fentin ruwa yana bushewa a bakin allurar bindigar kafin ya fita, ka yi layi biyu ta toshe, in ka matsa da ƙarfi ta tofa maka gaba ɗaya a fiffike. Dabarar da ta fisshe ni ita ce ajiye tsinken goge kunne jiƙe da tina a gefe ina goge bakin allurar duk bayan minti ɗaya ko biyu, da ɗigon maganin da ke jinkirta bushewar fenti a cikin kofin, sannan na koma yin feshin da sassafe bayan asuba lokacin da iska take da ɗan sanyi kuma ƙura bata tashi ba. Na kan yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin na fara, in na gama kuma na kifa babban kwali akan jirgin. Sau biyu aka ɗauke wuta ina tsakiyar fiffike, dole na wanke bindigar a hasken waya dan in fenti ya bushe a cikinta an shiga uku. Ka gwada hannunka a cokalin roba ko tsohuwar gorar ruwa kafin ka taɓa jirgin, kuma ka buɗe taga ka sa abin rufe hanci dan Allah, tururin nan ba abin wasa bane.

Bayan fenti sai banish mai sheƙi, sannan sitika. Ba irin sitikar da ake ɓarewa a manna bace, a ruwan ɗumi kake tsomawa ta saki takardarta ka zamo da ita kan jirgi da buroshi. In ka manna akan fenti mara sheƙi iska tana maƙalewa a ƙarƙashi ta yi wani fari-fari kamar azurfa, shiyasa ake fara sa banish ɗin. Na ɗiga musu ruwan laushin sitika suka kwanta cikin layuka kamar da fenti aka zana. Harafin G9 na sa masa a gefe, alamar rundunar jiragen dare ta Jamus mai suna NJG 1, dan sune suka fi kowa aiki da wannan jirgin. A hannunsu ya fara fita yaƙi, daren 11 wayewar 12 ga Yunin 1943, matuƙi Werner Streib ya tashi da shi daga Venlo a ƙasar Holan lokacin da Birtaniya ta kai hari Düsseldorf, aka lissafa masa jirage biyar da ya harbo a daren, da ya dawo sauka kuma jirgin ya ƙi rage gudu ya daki ƙasa ya tarwatse, mazaunin ya ɓalle ya yi ta ja da su a ƙasa, shi da mai radar ɗinsa suka fita da ransu. Duk da haka jirgin bai samu goyon baya daga sama ba, Janar Josef Kammhuber mai kula da tsaron dare yana so, Erhard Milch mai kula da ƙera jirage baya so ya fi son a ci gaba da jirgin Junkers 88, ƙarshe dai waɗanda aka ƙera basu kai 300 ba.

Alamar 'yan Nazi da ake sawa a wutsiya ban sa ba. Na san akwai masu cewa tarihi ne a sa komai yanda yake, ban ce sun yi laifi ba, amma ni a falona jirgin zai zauna inda yarana da baƙi suke gani, kuma alama ce ta gwamnatin da ta kashe miliyoyin mutane saboda jinsinsu, mu baƙaƙen fata ma bata ɗauke mu cikakkun mutane ba. A Jamus ɗin kanta doka ta hana nuna ta a fili in ba dan ilimi ko makamancin haka ba. Ƙirar jirgin nake so da aikin hannun, wutsiyar tana nan da ɗigo-ɗigonta kuma ban ji ta rage komai ba.

Na tsufar da shi kaɗan, ba da yawa ba, tunda jiragen nan basu daɗe suna aiki ba. Fentin mai na masu zane ruwan ƙasa mai duhu na sirka ya yi ruwa tsululu na bi layuka da shi, bayan rabin awa na goge da tsumma daga gaba zuwa baya yanda iska take bi. Baƙin hayaƙi a bayan salansa, ɗan ƙujewa a gindin fiffike inda makanikai ke takawa, sai banish mara sheƙi a kai ya kashe ƙyallin. Ƙafafu da tayoyi a ƙarshe na sa su, cikin ramukansu RLM 02 toka mai ratsin kore, kuma ƙafar gaba doguwa ce siririya ga ƙarfe a kanta, ka bari gam ɗinta ya kwana jirgin yana kife kafin ka tsayar da shi.

Sai eriya, ƙahon barewa kamar yanda Jamusawan da kansu suke kiranta. Ta radar ɗin FuG 220 Lichtenstein SN-2 ce, sanduna huɗu a hanci kowanne ɗauke da 'yan sanduna biyu. Girmanta yana da dalili, a Yulin 1943 lokacin harin Hamburg Birtaniya ta fara watso siraran takardun alminiyon daga sama suka makantar da tsohuwar radar ɗin Jamus, sai aka fito da SN-2 mai aiki da dogayen igiyoyin rediyo wadda takardun basu dame ta ba, ita kuma dole eriyarta ta yi girma har tana rage wa jirgi gudu. Sirrinta ya tonu a Yulin 1944 da wani Junkers 88 ya yi ɓatan kai ya sauka a filin Woodbridge na Ingila da na'urar a jikinsa. To eriyar cikin kwali ta roba ce, kuma roba kowace iri akwai iyakar sirantar da zata yi bata karye ba, dan haka ta ɗan fi ta gaske kauri in aka auna. Mai farawa ya yi amfani da ita ba laifi, daga nesa kaɗan kyau take yi. Ni dai na riƙe manyan sandunan na roba na yanke ƙananan na sa na tagulla da kamfanin Master na Foland ke yi, siraransu kamar allurar ɗinki. Wahalar ita ce jera takwas ɗin su kalli waje ɗaya, in ɗaya ta karkace da ɗan kaɗan ido yana kamawa nan take tunda a fuskar jirgin suke. Na zana layuka a kwali na kwantar da kowane sanda a kai na danne da tef sannan na ɗiga sufa gulu da bakin allura, ɗaya ta yi tsalle daga matsefata na yi kusan rabin awa a durƙushe da tocila kafin na ganta a bakin tabarma. Ka shimfiɗa farin zani a ƙasa kafin ka fara wannan aikin.

Wa zan ce ya saya? In baka taɓa haɗa ko ɗaya ba zaka iya haɗa wannan, kayan basa faɗa da kai kuma littafin da zane yake bi da kai mataki-mataki ko baka jin Turanci, amma zan fi so ka fara da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da launi biyu ka saba da bindigar feshi tukuna, dan kar ka kashe kuɗi da sati uku sannan ka zo wajen fenti ka karaya. In kuwa ka riga ka haɗa biyu ko uku to kar ka tsaya jiran wani sabon kwali, wannan na 1997 ɗin ya isa, ka ƙara masa yankakken tef na gilashi da eriyar tagulla kawai, sauran duk abinda ke cikin gida zai yi maka.

Yanzu yana saman kabad ƙarƙashin kifaffen kwali saboda ƙura da kuma ƙaramin ɗana da ya ƙyalla ido akan farfelolin tunda ya gano suna juyawa. Na kai wa mai gilashi awo, santimita 45 kowane gefe da tsayin 18, na ce ya sa katako a ƙasa zan shafa masa launin kankare na zana layukan filin jirgi, ya ce na dawo ran Laraba.